Motar da Ta Gudu da Baya

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina. Ni ba mai yawan magana ba ce, karatuna kuma bai wuce firamare ba. Amma mutane suna ba da shi a karkace, wai Yayana tsoro ne ya kama shi ranar. To ga yadda aka yi. Wani ɓangaren shi ya faɗa mini da bakinsa, wani na ji a kotu.

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya ga lahira!"

Ƙarfe sha ɗaya na safe. Oga, shugaban 'yan fashin, shi ke ihu a shagon wani maƙerin zinariya. Yaya yana waje cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari, gumi na ɗiga ta haɓarsa. Abu ɗaya yake roƙon Allah: a tashi daga wannan rana ba a zubar da jinin kowa ba.

Yaya bakanike ne, ba ɓarawo ba. Sati uku kafin nan Oga ya zo garejinsa da wata 'yar ƙaramar mota, irin mai ja da tayoyin gaba, da wani ƙaton inji da aka ciro daga babbar motar da ta yi haɗari.

"Wannan nake so a cikin wannan."

"Oga, zuciyar doki a ƙirjin akuya? Motar nan da ƙafafun gaba take ja, da su take juyawa. Ka ƙara mata ƙarfi, za ta riƙa fizgar sitiyari. Shaf ɗinta, ƙarfen da ke juya taya, siriri ne kamar tsinke."

"Haka makanikai huɗu suka ce. Sun ce a garin nan babu mai iya sa shi."

Nan ya kama Yaya. Ya san ko su waye, kowa ya sani. Amma a ce ba mai iyawa? Kwana goma sha tara yana yanka yana walda. Injin ya fi gurbinsa tsawo, sai ya huda bonet, kan injin ya leƙo waje kamar kunkuru. Ranar gwaji Oga ya taka totur, motar ta yi dama da kanta ta shiga kwata. Yaronsa Tulu, wani ƙato mai wuya uku, ya gwada, ta sake komawa kwatar nan dai.

Oga ya dubi Yaya. "Kai ka haife ta, kai ka san halinta. Kai za ka tuƙa."

Ya ɗora bindiga a kan teburin sifanu. Magana ta ƙare.

Yanzu ga Oga da Tulu sun fito daga shagon suna nishi, sun rungumo wani akwatin ƙarfe mai kamar rabin ɗaki.

"Buɗe but!"

"Oga, kada ku sa a baya! Gaba zai ɗaga!"

"Rufe mana baki, malamin makaranta!"

Dim! Bayan motar ya zauna, hancinta ya kalli sama. Oga ya faɗa kujerar baya, Tulu ya biyo shi. Layin nan hawa ne, sama suka nufa, don a gindinsa ofishin 'yan sanda yake.

"Taka!"

Yaya ya taka. Injin ya yi ruri kamar zaki. Tayoyin gaba suka juya, suka juya, hayaƙi ya turnuƙe, warin roba ya cika layi. Motar ko taku ɗaya ba ta yi ba.

A cikin shago, maƙeri na kwance rub da ciki kusa da maƙwabcinsa tela, wanda ya shigo aron almakashi.

"Sun tafi?" in ji tela.

"Ga su nan suna ƙona taya."

"Wayyo dukiyarka, maƙwabci!"

"Wace dukiya? Akwatin nan tun babana na da rai mabuɗinsa ya ɓata. Shayi nake ɗorawa a kai. Bara na nemi masu fitar da shi, suka ce sai mutum shida."

A ƙasa kuwa, a ofishin 'yan sanda, waya ta iske Sajan. Ya zari hula ya faɗa motarsu, ya murɗa mabuɗi. Ƙyas. Ya sake. Ƙyas.

"Kofur, tura!"

"Yallaɓai, jiya ma ni na tura."

"Gobe ma kai ne! Tura!"

Ta yi tari sau biyu, ta tashi. Jiniya ta ɗauka.

Oga ya ji ta. Ya ɗora bakin bindiga a ƙeyar Yaya. "Ka ce ka iya aiki!"

"Nauyi take so a gaba! Tayoyin ba sa cizon ƙasa!"

"Tulu, hau bonet!"

"Ni? Oga, injin nan wuta ne fa!"

"Harsashi ya fi shi zafi. Hau!"

Tulu ya fita ya hau, ya juya wa gilas baya, ya riƙe gefe da gefe. Hancin motar ya sauko. Tayoyi suka ciji kwalta, sai ta tuna halinta. Fizgar dama! Yaya ya riƙe sitiyari da ƙirjinsa, ina! Ta kwashe teburin mai kankana, ta yi juyi guda kamar mai rawa, ta tsaya tana kallon gangara.

Ga motar 'yan sanda tana hawowa. Gaba da gaba.

Nan Yaya ya yi abin da har yau makanikai ke gardama a kai. Ya ga hancin motar na ƙasa, duk nauyi ya koma kan tayoyin gaba. Ya jefa ribas. Ya saki kuloci.

Vuuum! Motar ta haura layin da baya!

Sai dai ribas giya ɗaya ce. Duk ƙarfin injin nan, ihu kawai yake yi, gudun bai fi na keke mai kyau ba. Tsohuwar motar Sajan ma iyakarta ke nan a hawa. Haka suka jera, hanci da hanci, tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Yaya ya leƙa ta taga yana kallon baya. Tulu kuwa ido cikin ido da hukuma.

Sajan ya fito da kai. "Kai mai ƙiba! Ku tsaya!"

"Ranka ya daɗe, ba ni ke tuƙi ba!"

"Sauko to!"

"Wandona ya manne!"

Kofur ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Dariya kake a bakin aiki?"

"Tari ne, yallaɓai."

Mutane suka fito ƙofar shaguna. Wata tsohuwa ta tambayi jikarta wa ke korar wa.

A cikin mota ba a dariya. Oga ya miƙe tsakanin kujeru, ya saita bindiga ta gilashin gaba. Gadon bayan Tulu ya cika gilashin kaf.

"Tulu, kauce!"

"In kauce ina, Oga?"

"Bakanike, girgiza shi ya faɗi. Su taka shi, dole su tsaya."

"Oga, shekara takwas yana bin ka."

"Ya isa hutu. Ko ka yar da shi, ko in harba ta cikinsa. Harsashin ya fita ya sami direbansu, riba biyu. Ɗaya!"

Gilashin taga a buɗe yake. Tulu ya ji. Bai waiwayo ba, kafaɗunsa kawai suka sauka.

"Biyu!"

Yaya ya dubi hannunsa a kan sitiyari. Kwana goma sha tara yana lallaɓa siririn shaf ɗin nan, ya san daidai abin da ba zai iya ɗauka ba. Ya danne kuloci. Ya murɗe sitiyari har ƙarshe. Ya take totur har ƙasa, injin ya yi kururuwa, sai ya zare ƙafarsa gaba ɗaya.

Ƙwas!

Shaf ya karye. Motar ta zabura ta jefa Oga baya, kansa ya bugi rufi, harsashi ya fasa sama. Injin na ta ruri, ba abin da yake juyawa. Motar ta tsaya cak, ta yi tunani, sannan ta gangaro a hankali ta sumbaci motar 'yan sanda. Tulu ya zame daga wannan bonet zuwa wancan, ya bar rabin wandonsa a baya.

Oga ya buɗe ƙofa zai ruga. Bai yi taku uku ba. Tulu ya diro, ya cafko shi ta kwala, ya shimfiɗa shi a kwalta, ya zauna a kansa.

"Tulu! Ni ne fa!"

"Na sani, Oga. Hutu nake yi."

Yaya ya kashe injin, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya jira. Sajan ya zo da ankwa, ya tsaya yana kallon kan injin da ya leƙo.

"Wa ya sa wannan a nan?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Ya shiga kuwa?"

"Ya shiga."

Ya girgiza kai, ya sa masa ankwa.

Ga abin da aka kwashe. Oga, karayar haƙarƙari uku da ɗaurin shekara ashirin da ɗaya. Tulu, shekara goma, wata biyun farko a kwance rub da ciki. Da aka yanka akwatin a gaban alƙali, tsohon tabarau aka samu da mataccen gyare. Mai kankana ya yi asarar kankana goma sha ɗaya, ya zo kotu da ɓawonsu a buhu. Ba wanda ya mutu. Yaya, shekara huɗu. Alƙali ya ce ya ceci rai biyu, amma ya san wa yake yi wa aiki tun ranar farko. Yaya bai musa ba. Inna ba ta yi kuka a kotu ba, sai da muka dawo gida ta ga takalmansa a bakin ƙofa.

A ƙofar kotu, da za a sa Yaya a motar gidan yari, ya kira ni. Na matsa, kunya kamar ta kashe ni, mutane na kallo.

"Ƙanwata, ɗan ƙaramin injin da na cire yana bayan gareji, ƙarƙashin buhu. Lafiyarsa ƙalau, bai yi wa kowa laifi ba. Ki riƙa zuba masa mai kina juya shi duk sati, kada ya daskare kafin in fito."

Washegari da safe na ɗauki mabuɗin gareji. Na ɗage buhun, na zuba man, na sa babban sifana a inda ya kwatanta. Na ja da hannu biyu, ya ƙi. Na duba hagu da dama, ba kowa. Sai na tattare zanina, na hau kan sifanan da ƙafa biyu, na yi tsalle. Ya juya.