Ƙaiƙayi a Cikin Farar Hoda

"Shayi? Mutumin da ke azumin Alhamis ne zai dafa shayi da azahar?" Sabuwa ta daka wa Sufeto Dalhatu tsawa. "Ku ji tsoron Allah, Yallaɓai!"

Suna tsaye a kangon sito a Garo, hayaƙi bai gama lafawa ba. Jiya durom goma na hodar wanke fatu suka yi bindiga, kwanon rufi ya tashi har gonar maƙwabta. Mijinta Tasi'u, mai gadin siton, yana kwance a asibiti a Gwarzo: rabin fuskar da take ƙauna ya ƙone, ga ankwa a ƙafarsa. Jibirin, manajan siton, ya ce Tasi'u ne ya jawo gobarar, risho ya kunna zai dafa shayi.

Sufeto ya tone tokar kaf. Babu risho.

Ya fara da mai siton, Alhaji Maikuɗi, a Kabo.

"Ga takardar gwaji," in ji Alhaji. "An ce hodar ba ta fashewa. Ni ina Umara bara aka yi gwajin."

Fasfonsa ya gaskata shi.

Sai Kano, wurin Badi'a, ma'aikaciyar ɗakin gwajin da ta sa hannu a takardar. Ranta ya fi na kowa ɓaci.

"Na gasa ta, na saki ƙarfe a kanta, na gurza ta. Ko tartsatsi ba ta yi ba! Abin da aka ce in gwada ke nan, ba a ce in gano mece ce ba."

"Wa ya kawo samfurin?"

"Jibirin. A ƙa'ida mu ke zuwa mu ɗiba, ya ce gada ta karye. Ga ragowar."

Sufeto ya zuba hodar a takarda, ya baza ta da biro. Wasu 'yan ɗigo ruwan ƙasa suka bayyana. Ɗan manomi ne, bai buƙaci madubi ba: ƙaiƙayin gero. Me ya kai ƙaiƙayi cikin durom ɗin da aka liƙe tun daga masana'anta?

A Masanawa ya sallamo Uwaliya, matar Jibirin, ta amsa daga bayan ƙyauren zaure.

"Malama, bara maigida ya taɓa ba ki daka?"

"Kai, kar ka tuna mini! Gishiri da alli ya kawo, wai in daka masa luƙui. Sati guda furata tana gishiri, yara suna tofarwa."

Da aka zaunar da Jibirin a ofis, a gaban Alhaji da Sabuwa, Sufeto ya buga tebur.

"Damina ta jiƙa durom ɗin, ka ji suna ɗumi, ka san gwaji zai tona sakacinka. Sai ka kai gishiri. Amma namiji ba ya daka, ka miƙa wa mace, ita kuma turminta ɗaya ne, na gero. Shekara guda Tasi'u yana shimfiɗa tabarma a jikin mutuwa, kai kana wucewa kana ce masa sannu da aiki!"

Jibirin ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Alhaji ya yi gyaran murya. "Yallaɓai, ɗan ƙanwata ne. A bari mu kashe maganar a gida."

Sabuwa ta miƙe daga benci. Sufeto ya ɗaga mata hannu.

"Ba a gida za a kashe ta ba, Alhaji. Kofur, je Gwarzo ka kwance ankwar nan daga ƙafar Tasi'u, ka kawo ta nan. Gobe Jibirin zai shiga kotu da ita."