Jan Fenti a Rumfar Bakari

Da safiyar wata Talata, a shekarun matsin tattalin arziki da mutanen Duwala ke kira kiriz, masu dawowa daga masallaci suka tarar an rubuta SIDA, wato ƙanjamau, da jan fenti a jikin rumfar Bakari mai tsire. Kafin hantsi labari ya karaɗe Unguwar Hausawa ta New Bell. Da yamma Bakari ya hura wuta kamar kullum, naman ya ƙone a kan waya, ko mutum ɗaya bai tsaya ba.

Sufeto Jibirin ɗan unguwar ne. A waɗannan lungunan ya tashi tare da Bakari da Hamadu mai fenti, suna buga ƙwallon tsumma a gefen layin dogo, suna satar hanya zuwa bakin kogin Wuri su yi wanka, su dawo su sha bulala tare. A lokacin masana'antun Basa na ɗaukar ma'aikata, kowane gida ana jin ƙamshin miya. Yanzu rabin unguwa na zaman kashe wando, shi kansa Jibirin an zabtare masa albashi. Amma da Hapsatu matar Bakari ta zo kumisariya, ofishin 'yan sanda, tana kuka, bai tura kowa ba, da kansa ya je.

Ya tarar da Hamadu durƙushe gaban rumfar da tsumma da kwalbar tina, ruwan narkar da fenti, yana goge rubutun. Jibirin ya ce ya dakata. Ya duba abin da ya rage: fentin mai ne, irin mai tsada, kuma ko ɗigo bai zuba ba.

"Yaya Bakari, wa kuka yi faɗa da shi?"

"Ni da ko tsayuwa ba na iya daɗewa? Ƙaba ta hana ni sakat. Jiya ma aka ce za a yi mini aiki, na kwanta, na cire kaya, sai aka ce in tashi in tafi gida."

"Me ya sa?"

"Wai matsalar jini. Iyakar abin da aka faɗa mini ke nan."

Hapsatu ta ce a gaban mutane aka faɗa, a barandar asibitin, kuma akwai 'yan unguwa a kan benci.

Jibirin ya fara da Ɗan'azumi, mai tsiren tsallaken titi, wanda ranar ya sayar da namansa kaf tun kafin isha'i.

"Kasuwa ta buɗe maka."

"Ta buɗe, Shef, ba zan ɓoye ba. Amma ba ni alli in rubuta sunana da boko ka gani. Da ajami nake rubutu, shi ma da ƙyar."

Jibirin ya san gaskiya ne, domin shi ke karanta masa takardun haraji. Kuma mutumin da ke kunna wuta da tsohon kwali ba zai sayi gwangwanin fentin mai don haruffa huɗu ba.

Asibitin ƙarami ne, na wani likita Baduwale mai furfura, a bayan kasuwa. Ya karɓi Jibirin da Faransanci, yana wanke hannu.

"Dokta, kuna gwada SIDA kafin ku yi wa mutum aiki?"

"Kowa da kowa."

"Kuna gaya musu?"

"Sufeto, safar hannu ma sai mu wanke mu sake sakawa. In na tambaye su, rabi za su gudu da ciwonsu su mutu a gida. In ban gwada ba, ma'aikatana fa?"

"To Bakari bai san an gwada shi ba."

"Bai sani ba."

"Me gwajin ya nuna?"

"Ba zan gaya maka ba. Amma ban rubuta komai a rumfar kowa ba."

Saura Zulfa, mai ɗibar jini, ita ma 'yar unguwa, wadda tuni mata suka fara nuna ta da baki. Ta tsaya tana murɗa bakin mayafinta.

"Ke kika ce matsalar jini?"

"Ni ce, Kawu. Bakina ya riga hankalina. Amma ban ambaci cuta ba, ban ambaci suna ba."

"Kin san abin da ke jinin Bakari?"

"Na sani. Lafiyarsa lau, shi ya sa aka kwantar da shi tun farko."

Jibirin ya ɗago kai. "To me ya hana aikin?"

Ta ce, "Likita ba ya taɓa mutum sai an kawo jinin ajiya. Dangi ke bayarwa, ko aboki. Wanda aka kawo bai yi ba."

"Kin gaya wa mai jinin?"

"Ya biyo ni har ɗakin gwaji yana tambaya. Ya ce shi rukunin jini kawai ya zaci za a duba. Na gaya masa a tsaye, yana riƙe da hularsa. Kada ka tambaye ni ko wane ne."

Bai tambaye ta ba. Ya koma wurin Hapsatu ya ce, wa ya ba Bakari jini? Ta ce ai ba sai an tambaya ba, wa yake da shi in ba Hamadu ba.

Washegari ya hau bensikin, babur ɗin haya da kiriz ta haifar, ya nufi Basa. A wani garejin manyan motoci ya sami Hamadu kan tsani, yana rubuta addu'a a goshin wata tirela. Hannunsa ba ya rawa, fentin ba ya ɗiga.

"Sauko, Hamadu. Ranar Talata wa ya aika maka cewa an ɓata rumfar?"

"Ji na yi a gari."

"Gidanka na can ƙarshen unguwa, ka riga maƙwabta isowa. Kuma ka zo da tina. Kowa ya ɗauko kananzir da sabulu, kai kaɗai ka san irin fentin tun kafin ka gan shi."

Hamadu ya sauko ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Bakari bai san an gwada shi ba," in ji Jibirin. "Mutum uku suka san an yi maganar SIDA a asibitin nan. Likita bai san inda rumfar take ba. Zulfa ta san Bakari lafiyarsa lau. Sai kai."

"Jibo," in ji Hamadu, da sunan da rabon da a kira Jibirin da shi tun suna yara, "taimako na je yi. Ba wanda ya ce mini ga abin da za a duba. Na fito, na ji mata a kan benci suna cewa jinin wa, jinin wa. Na san kafin Juma'a za su lissafo ni. 'Yata Khaulat na da biki bayan Salla. Sai na ce gara su kalli wani wajen. Ina gama rubutawa na so in yanke hannuna."

Jibirin ya kai shi gidan Bakari, ba kumisariya ba. Ya sa Hapsatu ta ba su wuri, ya zayyana komai. Ya ce in an kai kotu, Bakari zai wanku a idon duniya, amma sai an karanta ciwon Hamadu a bainar jama'a.

Bakari ya gyara zama a kan tabarma.

"Da ba don ni ba, da bai miƙa hannunsa an ɗiba ba," ya ce. "Rufe maganar, Jibo. Amma yau kada ya yi mini magana."

Aka rufe ta a matsayin ɓarnar da ba a gano mai ita ba. Jibirin ya koma asibitin ya gaya wa likita cewa in ya sake jin an gwada wani ba da saninsa ba, zai kai maganar gaba. Sannan ya naɗe hannun riga ya ba da jinin da ake nema. Likitan ya tambaye shi ko ya yarda a gwada, ya ce ya yarda, kuma a gaya masa a zaune, a bayan ƙofa.

Da Bakari ya warke, Jibirin ya riƙa zama a bencinsa kowace yamma, da kakinsa, yana cin tsire a hankali inda kowa zai gani. Masu saye suka dawo da ɗaɗɗaya, wasu kuma ba su dawo ba har abada.

Hamadu ya aurar da 'yarsa lafiya. Bayan damina biyu ya kwanta, a zamanin da babu maganin da talaka zai samu. Ranar da ya rasu, masu wankan gawa na unguwa suka yi ta kawo uzuri, wannan baya na ciwo, wancan yana da tafiya. Bakari ya rufe rumfa, ya sa Hapsatu ta ɗora ruwa, ya shiga ɗakin da gawar take shi kaɗai. Can ya leƙo ya ce, "Jibo, zo ka riƙe mini kansa."