Kazar Auta da Ƙarnin Kifi

Auta tana da kaza guda, ta sa mata suna Gimbiya. Kullum da safe Gimbiya takan ajiye mata farin ƙwai a akurki. Ana zaune lafiya, sai wata ƙawarta a makaranta ta ce, "Mu ƙwan kazarmu ruwan ƙasa ne. Ya fi naku daɗi nesa ba kusa ba!"

Maganar ta tsaya wa Auta a rai. Can sai dabara ta faɗo mata. In kaza ta ci abu ruwan ƙasa, ai ƙwai ruwan ƙasa za ta yi! Me ke ruwan ƙasa a kicin? Busasshen kifin Mama.

Kullum sai ta faki ido, ta marmashe kifi cikin dusa. Gimbiya ta samu banza, ci take har da lumshe ido. Mama kuwa, ganin kifinta na raguwa, ta yi ta zagin kyanwar maƙwabta, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Ƙwai dai yana nan fari fat.

Ran nan da safe Baba ya gutsuri dafaffen ƙwai. Ya tsaya cak, ya yamutsa fuska.

"Wai ƙwai nake ci ko kifi? Wannan ƙarni fa?"

Yaya ya shinshina, ya ce, "Baba, ina jin a kogi kazar nan take kwana."

"Ba ta da lafiya," in ji Baba. "Gobe a kai ta kasuwa."

Auta ta zabura. Ta fashe da kuka. "Don Allah Baba, kada a sayar da ita! Ni na ba ta kifi, don ƙwanta ya zama ruwan ƙasa."

Mama ta riƙe baki. "Au! Ashe ke ce kyanwar!"

Kaka ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Ta ce, "Jikata, launin ɓawo daga irin kaza yake. Kazarki ko buhun kifi ta cinye, fari za ta yi. Abinci cikin ƙwai yake taɓawa. Ki ba ta ganye da masara, gwaiduwa ta yi jawur. Cika ta da kifi, ki ji ƙarni."

Auta ta share hawaye. "To Kaka, wanne ya fi daɗi, fari ko ruwan ƙasa?"

"Ke ɓawon kike ci?"

Har Baba sai da ya dara. Ya ce an fasa kasuwa, amma daga yau ganye da masara kawai.

Auta ta ba Mama haƙuri, ta duƙufa tsinko ganye. Bayan 'yan kwanaki ƙarni ya tafi, gwaiduwa ta yi jawur. Baba ya cinye nasa, ya miƙo hannu zai ɗauki na Yaya.

Tun daga ranar Auta ta gane: ba a auna abu da bayansa, kuma abin da ba ka sani ba, tambaya ta fi gwaji a ɓoye.