Sarƙar Da Babu Ita Cikin Lefe

"Ina sarƙar take?"

Gwaggo Hajjo ce ke tambaya, bayan ta zazzage akwatunan lefen Khaula kaf a tsakar gida. Matan unguwar Gawon Nama sun cika tabarmi, kowacce da hoton sarƙar a wayarta.

Khaula na ɗaki. Ta san babu wata sarƙa.

Sana'ar Saifullah ke nan, wanda zai aure ta: ya zana kayan zinare a kwamfuta, har ƙyallin dutse da inuwarsa, mai shago ya ce rage nan, ƙara can, kafin maƙeri ya narka komai. Mahaifinta, Alhaji Tambari, yake yi wa aiki. Wannan kuwa da sunanta ya zana ta, ya turo mata. "Wata rana, rabin raina..."

Ita kuma ta tura wa Sadiyatu, ɗiyar Gwaggo, wadda ta daɗe da ɗora ido a kansa. Sadiyatu ta san zane ne sarai, amma ta watsa wa dangi wai ga abin da ke tafe cikin lefe.

"Yaron ga maƙaryaci na!" in ji Gwaggo. "Ya ɗauke ta bayan munka gani. A maida mishi kayanshi!"

Kunya ta gama da Inna, mahaifiyar Khaula. Har nauyin sarƙar ta faɗa wa maƙwabta.

Khaula ta kira Saifullah a waya.

"Saif, za su maida lefe..."

"Subhanallahi! Bari in zo da kwamfutar in juya musu ita su gani..."

Ji mutum! Ana raba shi da aure yana zancen kwamfuta. Ta kashe wayar.

Amarya ba ta leƙa wajen ganin lefenta, kowa ya sani. Khaula ta yafa mayafi ta fito, ta ratsa mata, ta zauna daram kan babban akwatin.

"Ke! Ba ki da kunya?"

"Zane na, Gwaggo, kuma Sadiyatu ta sani. Sarƙa babu, shi nike so. Mai maida akwatin ga gidansu Arkilla, sai ya ɗauka da ni."

Sadiyatu ta sulale bayan gida.

Daga zaure Alhaji Tambari ya yi gyaran murya.

"Hajjo, ba a kai amarya babu ɗaurin aure. Ku bar ta nan bisa har Juma'a, a ɗaura."