Kwanar Aduwa

Ranar da Tasnim ta fara ganinsa, yana tafe shi kaɗai a wani fili yamma da birnin Umdurman na Sudan, da bokitin farar ƙasa a hannu, yana zana layi a kan rairayi. Ita tana gindin aduwa da butocin shayinta, inda take sayar da shayi tun da ita da iyalinsu suka baro yankin Jazira. Wani lokaci takan wuni ba wanda ya kira sunanta.

"Shayi da na'ana'a," ya ce, ya zauna. "Sunana Zainul'abidin."

"Me kake zanawa?" Ba ta ɗago kai ba.

"Hanyar tseren motoci. Samari sun gaji da mutuwa a kan titi, ƙungiyarsu ta samu fili."

Daga nan kullum sai ya zo. Aka kawo gireda, aka zuba jar ƙasa, aka jera tsofaffin tayoyi. Yana ba ta labarin kowace kwana, tana saurara. Wata rana ya ce mata "Tasnimata", ta zubar da sukari.

Da maganar aure ta taso, mahaifinta Baba Sule bai so ba. "Ɗan tsere? Ba zan ba da 'yata ga wanda za a kawo mini a bargo ba."



Washegari ta tarar da jan fenti a jikin aduwar, ga farin layi ya miƙo har gindinta. A Jazira ta san itacen da aka shafa wa ja, gatari ne ke binsa. Ta kwashe butocinta ta koma gida. Zain ya yi ta kira, ba ta ɗauka. Ta zauna a ɗaki tana jin ƙarar raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, a waje, tana tunanin yadda ya sha inuwar nan watanni, kuma da hannunsa ya yi alamar.

Sai saƙo ya shigo:

"Tasnimata, wurin ya yi shiru. A aikinmu ja yana nufin kada a taɓa. Na roƙi injiniya ya karkatar da hanya, ya yarda, ya ce ma kwanar za ta fi daɗi. Ina cin abinci ni kaɗai. Ki dawo."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ta rubuta: "Na yi maka mummunan zato. Ka yafe." Sannan ta kai wa Gogo, yayar Babanta, wayar.

Gogo ce ta ja Baba Sule har filin. Suka ga hanyar ta zo ta lanƙwashe nesa da aduwar, an yi mata katangar tayoyi.

"Kai ne mai tseren?" Baba ya tambayi Zain.

"Ni, Baba? Ko raksha ta yi gudu sai na ce a sauke ni."

Gogo ta yi dariya har mayafinta ya zame. Baba ya daɗe yana kallon itacen. "Ka turo manyanka," ya ce.

An buɗe filin bayan Babbar Sallah, direbobi suka sa wa wurin suna Kwanar Aduwa. Juma'ar da ta biyo aka ɗaura aure. Gogo ta riƙe hannun amarya mai lalle, ta ɗora a na ango.

"Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa kada ɗayanku ya ƙara wuni shi kaɗai."

Tasnim ta ce amin a hankali. Zain ya ji.