Gadon da Riziki Ta Yi wa Ado

"Sake faɗa, Zuwena! Sunan wa kika ce?"

Faifan furen asumini ya suɓuce daga hannun Riziki, fararen furanni suka watse a matakalar otal ɗin.

Zuwena mai karɓar baƙi ta gyara zama, tana wani yatsina.

"Vuai Makame da amaryarsa. Ɗakin sama mai kallon teku, kwana uku, ƙarshen wata. Har da hayar jirgin da zai kai su tsibiri kallon kifi. Ke za ki yi wa gadon ado, ai aikinki ne."

"Vuai... nawa?"

"Naki a da. Amaryar kuwa baturiyar nan ce da yake kaiwa ninƙaya. Wallahi kin ba ni tausayi, 'yar'uwa."

Tausayi! Zuwenar da ta shekara tana aika wa Vuai alawa bakin ruwa yana maido mata!

Amma Riziki ba ta tuna wannan ba, kanta ya riga ya ɗaure. Shekara shida tana aiki a wannan tsohon gida na tsakiyar birnin Unguja da aka mayar otal, tana watsa asumini a gadajen amaren wasu. Shekara biyu Vuai yana turo manya neman aurenta, gwaggonta Shangazi Biubwa tana sallamarsu ko gahawa ba su sha ba. Teku ce ta cinye mahaifin Riziki tana 'yar shekara biyar, shi ya sa Shangazi ta rantse ba ta ba mai jirgi 'yarta. Ita kanta Riziki tun ranar ruwan teku bai taɓa wuce idon sawunta ba.

To ashe ya gaji da jira.

Ta tafi gida da rana tsaka, ta buɗe akwati, ta ɗauko zannuwan kanga biyu da ya ba ta ranar Idi. A al'adar Unguja, budurwa ta maido maka kangarka, ba sai ta buɗe baki ba, magana ta ƙare.

A bakin ruwa ta hango jirginsa, shuɗin nan mai farin baki. Sai dai dattijon nan Mzee Faki ne a ciki, yana shafa masa jan fenti.

"Mzee, ina mai jirgin?"

"Ga shi kina kallo, 'yata. Sati biyu ke nan da Vuai ya sayar mini."

Innalillahi! Jirgin da ya gada wajen ubansa? Wanda ko yaro ya jingina da shi sai ya yi faɗa?

"Riziki?"

Ta juya. Vuai ne, amma da ƙyar ta gane shi. Dogon wando, takalmi sawu-ciki, jikinsa sai ƙamshin kanumfari, babu ko ɗigon gishirin teku. Idonsa ya sauka kan ƙullin da ke hannunta, fuskarsa ta sauya.

"Mene ne wannan?"

"Kayanka! Ka kai wa baturiyarka!"

"Wace baturiya?"

"Wadda zan yi wa ado a gado! Ni, Vuai? Duk otal ɗin garin nan sai wanda nake shara a ciki? Me na yi maka?"

Ya yi sororo yana kallonta.

"Ba ki ga takardata ba? Na bar ta wajen Zuwena, na ce ta ba ki hannu da hannu."

"Wace takarda...?"

"Masoyiyata, tsaya ki yi tunani. Mai jirgi yana hayar jirgin wani?"

Ta zauna a kan yashi.

"Shangazi ta ce in zaɓa, ke ko teku," ya ce a hankali. "Na zaɓa. Yanzu a rumbun kanumfari nake aiki. Shekaranjiya ta amince, Juma'a manya za su zo. Shekara shida kina gyara ɗakin nan kina fita. Na so sau ɗaya ki shiga a rufo miki ƙofa."

Ta ƙanƙame kangar tana kuka, kunya da farin ciki sun haɗe mata.

Zuwena kuwa, da aka tambaye ta takarda, cewa ta yi iska ta ɗauke. Iskar da ta buɗe aljihun tebur ta tura ta can ƙasa! Ranar biki kuwa Zuwenar aka miƙa wa faifan alawa ta raba.

Gadon kuma Riziki ta hana kowa taɓawa, da hannunta ta watsa asuminin.

Washegarin biki da hantsi suka nufi tsibiri a jirgin Mzee Faki. Vuai ya zauna a bencin baƙi, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Duk juyin da tsohon ya yi da sandar tuƙi, sai kafaɗarsa ta motsa. Riziki tana lura, abin yana cin ranta.

Da aka jefa anga Vuai ya miƙo mata gilashin ruwa da bututun numfashi.

"Ba dole, ranki ya daɗe. Kina iya kallo daga sama."

"Riƙe ni dai. Kar ka sake ni, Vuai!"

"Ko da wasa."

Ta sauka, ta yi bismillah, ta tsoma fuska.

Subhanallah! Ita da ta ɗauka ƙasan teku duhu ne da kabari. Ga murjani reshe-reshe, ga kifaye rawaya da shuɗi suna wuce yatsunta ba ruwansu da ita, ga hasken rana har kan yashi. Shekara ashirin tana kwana tana tashi a gefen wannan abu ba ta sani ba!

Ta ɗago, ta cire bututun tana haki.

"Wannan ka bari? Saboda ni?"

Ya kau da kai. "Na saba da kanumfari."

"Ƙarya kake, tun safe nake kallon hannunka. Za mu maido jirgin nan, ko shekara nawa zai ɗauka."

"Shangazi fa?"

"Ita ta ba da ni, amma ni zan zauna da kai. Zan kawo ta nan ta leƙa da idonta."

Suka hau jirgi. Tana ɗigar ruwa ta nufi tsohon.

"Mzee Faki, don Allah tashi daga wurin mijina."

Tsohon ya tuntsire da dariya, ya matsa. Vuai ya ɗora hannu kan sandar tuƙi, hawaye kawai yake yi.