Ƙwayar da Ke Cikin Kunun Mzee

"Nalwoga, kada ki kuskura ki tsallaka ƙofar nan!" in ji Ssenga, gwaggon saurayina Kiggundu.

Na tsaya cak a bakin ɗakin asibitin. A al'adarmu ta Baganda, a ƙasar Uganda, wadda za ta auri ɗa ba ta kusantar uban. Dama danginsa ba sa sona, wai karatun haɗa magunguna ya cinye min baki, sai kallo. Namatovu da suke so ya aura kuwa, tunda ba a yi maganar aurensu ba, al'adar ba ta hau kanta ba, tana gefen gado tana yi wa Mzee, mahaifin Kiggundu, fifita.

Gobe za a yi masa aikin zuciya. Daga ƙofa na hango auduga jawur a haɓarsa. Tun safe reza ta yanke shi, ga shi rana ta raba jinin bai tsaya ba.

"Masoyi..." na yi wa Kiggundu raɗa. "Tambayi Baba, ya daina shan ƙwayar tsinka jini?"

"Baba, wai ka daina..."

"Na ji ta, ni ba kurma ba ne! Kwana biyar ke nan, yadda likita ya ce."

Namatovu ta yi fari da ido.

"Ai ni ba na bari Baba ya yi wasa da magani. Da na ga ya ajiye ta, kullum sai na daka masa a kunu. Ko fashi babu!"



"Kunu?!" Ni kaina ban san ina da irin wannan murya ba. "Idan aka buɗe ƙirjinsa gobe, jinin ba zai tsaya ba!"

Na kwasa da gudu na kira likita. Ya duba, ya ɗage aikin da kwana biyar. Namatovu ta sulale ko sallama babu.

Mzee ya juya fuska bango, yadda suruki ke yi.

"Kiggundu, iyayen Nalwoga su shirya. Ina tashi, muna zuwa neman aure."

Ssenga ta zabura. "Amma Yaya, yarinyar nan..."

"Ke da kike shanye min rabin kunun kullum? Tashi a duba ki!"

Ta dafe ƙirji ta bi bayan likita tana kiransa.

Kiggundu ya fito ya tsaya kusa da ni.

"Zuciyata, ashe kina da murya haka?"

Na sunkuyar da kai.

"Ta ƙare. Sai ranar ɗaurin aure."